Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga fastoci da masu bishara a kan wa'azin Yahaya 19 ranar Jumma'a Mai Kyau

Zuwa ga iyayenmu cikin Ubangiji, rabarorin ikilisiya, fastoci, masu bishara da dattawa, a duk inda ake sujada da Hausa,

Gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Barkanku da aiki, da fatan iyali da ikilisiya suna lafiya. Mu 'ya'yanku ne da ƙannenku masu koyar da Littafi Mai Tsarki. Roƙo ɗaya muka zo da shi kafin Ista ta ƙaraso: a bana ku buɗe Yahaya 19 ku yi wa'azinsa tare da Fitowa 12 da Littafin Firistoci 16, don jama'a su fita majami'a sun san wane ne ya ba da hadayar, me ta kawar, wane hukunci kuma aka yanke a ranar.

A majami'u da dama an saba raba kalmomi bakwai da Yesu ya faɗa a kan gicciye ga mutum bakwai. Al'adar ba ta da laifi, amma ku dubi yadda take kasancewa. An ba kowa minti goma, na farko ya ci ashirin da biyar, na biyu ya bi sawunsa. Kafin a kai kalma ta shida, wato "An gama", rana ta take, yara sun fara kuka, shugaban sujada ya tura 'yar takarda kan bagade cewa a taƙaita. Kalmar da ta fi sauran nauyi ita ce take samun minti uku. Bayan haka, kalmomin nan an tsinto su ne daga wurare dabam dabam: uku daga Luka, uku daga Yahaya, ɗaya daga Matiyu da Markus. Idan aka ciro kowace aka ajiye ta ita kaɗai, abin da marubucin ya gina kewaye da ita ya ɓace. Ta haka "Ƙishirwa nake ji" take zama kiran a taimaka wa ginin majami'a, alhali Yahaya ya faɗi dalilin faɗarta a fili: don a cika Nassi.

Yahaya ya rubuta mutuwar Yesu ne idonsa yana kan Idin Ƙetarewa, idin tunawa da fitar Isra'ila daga Masar, bai kuwa ɓoye ba. Tun sura ta farko, aya 29, Yahaya Mai Baftisma ya nuna shi ya kira shi Ɗan Rago na Allah mai ɗauke zunubin duniya. A 18:28 shugabannin da suka kai shi wurin Bilatus sun ƙi shiga fadar don kada su ƙazantu su kasa cin Idin. A 19:14 an gaya mana ranar shirin Idin ce, wajen tsakar rana. A aya 29 soson da aka tsoma cikin ruwan tsami a kan ɗaɗɗoya aka miƙa masa. A aya 36 ba a karya ƙashinsa ko ɗaya ba. Mai wa'azin da bai karanta Fitowa 12 ba zai wuce waɗannan duka bai ga komai ba, jama'arsa ma haka.

Don haka a shimfiɗa wa jama'a ƙa'idar yadda take. Ranar 10 ga wata kowane gida zai ware ɗan rago ko ɗan akuya, namiji, bana ɗaya, marar lahani. Gidan da mutanensa ba su isa cinye shi ba sai ya haɗa kai da maƙwabci. A tsare dabbar har ranar 14, a yanka da maraice. A tara jinin a kasko, a tsoma ɗaɗɗoya, a shafa a dogaran ƙofa biyu da kuma saman ƙofar. Kada kowa ya fita har gari ya waye. Naman gasawa za a yi, ba a cin shi ɗanye ko dafaffe da ruwa. A ci da abinci marar yisti da ganyaye masu ɗaci, kowa ya ɗaura ɗamara, takalmi a ƙafa, sanda a hannu. Abin da ya rage har safiya a ƙone shi. Ba a fitar da naman waje, ba a karya ƙashi ko ɗaya, kamar yadda aya 46 ta faɗa, Littafin Ƙidaya 9:12 kuma ya maimaita.

A nan muke so ku daɗe. Daren nan daren hukunci ne. Allah ya ce zai ratsa ƙasar Masar, ya kashe 'ya'yan fari, ya hukunta gumakan Masar. Nassin bai ce za a tsallake gidan Ba'isra'ile don halinsa ya fi na Bamasare kyau ba. Abin da ya ce shi ne, in ya ga jinin zai ƙetare. Gidan da aka shafa wa jini shi ma an yi mutuwa a cikinsa a ranar, sai dai ɗan ragon ne ya mutu, ɗan fari ya kwana da rai. Wannan shi ne tushen abin da muke nufi idan muka ce Almasihu ya mutu a madadinmu, shi ne kuma Bulus yake nufi a 1 Korantiyawa 5:7 da ya kira Almasihu Ɗan Ragonmu na Idin Ƙetarewa wanda aka riga aka yanka.

A daidai wannan wuri ne koyarwa take karkacewa. Mun ji ana cewa "na rufe motata da jinin Yesu", "na rufe shagona da jinin Yesu", har a manna takardar a gilashin mota. Addu'ar neman tsari daga Allah daidai ce, muna yin ta kullum. Amma idan mai bi ya ɗauka furta kalmar ne yake hana haɗari da ɓarawo, to ya mai da jinin Almasihu laya. Ranar da haɗarin ya auku duk da takardar, sai ya ce ko jinin ba shi da ƙarfi ko shi Allah ya yashe shi. Jinin da aka shafa a Masar ya tsare gida ne daga hukuncin Allah a kan zunubi da taurin kai. Bai hana Isra'ila yunwa da ƙishirwa da yaƙi a jeji ba. Ku faɗi wannan a fili, cikin tausayi, domin masu yin haka 'yan'uwanmu ne da tsoro ya dama.

Abu na biyu shi ne rarrabe Idin Ƙetarewa da Ranar Kafara, waɗanda ake yawan cuɗawa a kan bagade. Ranar Kafara, wadda Firistoci 16 ya bayyana, ranar 10 ga wata na bakwai ce, sau ɗaya a shekara. Babban firist zai yi wanka, ya tuɓe kayan ado ya sa na lilin. Zai fara yanka bijimi saboda zunubin kansa da na gidansa. Ya ɗauki garwashi daga bagade da turare cike da tafin hannu biyu, ya shiga bayan labule, hayaƙin ya rufe murfin akwatin alkawari don kada ya mutu. Ya yayyafa jinin da yatsa a kan murfin, sa'an nan sau bakwai a gabansa. Saboda jama'a kuwa bunsuru biyu ne, an jefa musu kuri'a. Ɗaya a yanka, a shiga da jininsa. Ɗayan a bar shi da rai, firist ya ɗora hannuwansa biyu a kansa, ya furta dukan laifofin Isra'ila, wani mutum da aka shirya ya kai shi jeji ya sake shi. Gawar bijimin da ta bunsurun da aka yanka a fitar da su bayan zango a ƙone. Ragunan da aka ambata a surar na hadayar ƙonawa ne. Wanda ya ce ɗan rago ake kora jeji a Ranar Kafara bai duba nassin ba, kuma a cikin ikilisiya ba a rasa mai Littafi a buɗe da zai lura.

Fitowa 12 tana maganar kuɓuta daga hukunci da bauta. Firistoci 16 yana maganar tsarkakewa da ɗauke zunubi a kai shi nesa. Ishaya 53 ya kawo bawan da aka soke saboda laifofinmu, wanda aka kai shi mayanka kamar ɗan rago bai buɗe baki ba. Kalmar Yahaya Mai Baftisma ta tattara su uku a kan mutum ɗaya. Ibraniyawa 13:11-12 kuma ta ɗauko ƙona gawa a bayan zango ta haɗa da shan wuyar Yesu a bayan ƙofar birni, daidai da Yahaya 19:17 da 20, inda ya fita ɗauke da gicciyensa zuwa Golgota, kusa da birni. A koya su ɗaya bayan ɗaya kafin a haɗa su.

Wa ya ba da hadayar? Tambayar nan ce take raba wa'azin bishara da wa'azin tsoro. A Firistoci 17:11 Allah ya ce rai yana cikin jini, shi ne kuma ya ba su shi a kan bagade don a yi kafara. Tun a Tsohon Alkawari ke nan hanyar daga wurinsa ta fito. Har ya sauƙaƙa wa matalauci: wanda bai iya kawo tunkiya ba ya kawo kurciya biyu ko 'yan tattabarai biyu, wanda bai iya wannan ba ya kawo gari. Yahaya 3:16 ta ce Uban ne ya ba da Ɗan saboda ƙauna. A 10:18 Yesu ya ce ba mai ƙwace ransa, shi yake ba da shi don kansa. A 19:30 shi ne ya sunkuyar da kai ya saki ruhunsa. Saboda haka kada a zana wa jama'a Uba mai fushi da Ɗa mai tausayi da ya shiga tsakani ya lallashe shi. Fushin Allah a kan zunubi gaskiya ne, ba ma rage shi ko kaɗan, amma 2 Korantiyawa 5:19 ta ce Allah ne cikin Almasihu yake sulhunta duniya da kansa. Yaron da ya tashi da hoton Uba mai jiran dalilin duka zai girma yana ƙaunar Yesu yana gudun Uban, Yesu kuwa ya ce wanda ya gan shi ya ga Uban.

Ku yi hankali ƙwarai da misalin kuɗin fansa. Yesu ya ce a Markus 10:45 ya zo ya ba da ransa fansa saboda mutane da yawa. Jama'armu a yau sun san kuɗin fansa da idonsu. Wasu da ke zaune a gabanku sun sayar da gona da shanu sun kai wa masu garkuwa da mutane. Idan kuka ɗauko wannan misali, zuciyar mai sauraro za ta tambaya nan take, wa aka biya? Sai amsar ta zama Shaiɗan, a ɗauka yana da haƙƙi a kanmu har Allah ya zauna ciniki da shi. Nassi bai faɗi haka ba. Wasu malaman ikilisiya na farko sun yi wannan tunani, Giregori na Naziyanzus ya ƙi shi tun ƙarni na 4, Ansalam na Kantabari ma ya rushe shi a ƙarshen ƙarni na 11. Yahaya 12:31 ta ce fitar da mai mulkin duniyar nan za a yi. Korarsa aka yi, ba a sallame shi da ko sisi ba. Ga kuma ciwon da misalin yake tonowa a zuciyar uwar da ta biya amma ɗanta bai dawo ba.

Akwai wani abin lura ga masu bi da suka tashi cikin maƙwabtanmu Musulmi ko suke zaune tare da su. A wurinsu kaffara abu ne da mai laifi yake yi da kansa, kamar azumin wata biyu a jere ko ciyar da miskinai sittin. Mai bi da ya saba jin haka zai iya ɗauka shi ma akwai abin da ya rage masa ya biya. In kun ambaci kafara, ku bayyana a jimla ta gaba cewa a koyarwar Sabon Alkawari Allah ne ya tanada ta, Almasihu ne ya cika ta, kamar yadda 1 Yahaya 4:10 ta faɗa. Ana iya bayyana bambancin ba tare da zagin addinin kowa ba, haka ya kamata a yi.

Wannan ya kawo mu ga "An gama". Ibraniyawa 10 ce fassararta mafi kyau. Hadayun da ake maimaitawa kowace shekara tunawa da zunubi suke yi, jinin bijimai da na awaki ba ya iya kawar da shi. Firist kullum a tsaye yake yana miƙa hadaya iri ɗaya. Almasihu ya miƙa guda ɗaya saboda zunubi, ta har abada, sa'an nan ya zauna. Aya 18 ta rufe maganar: inda aka gafarta, babu sauran hadaya don zunubi. Iyayenmu, a nan muke da kuka. Ba daidai ba ne a gama wa'azin "An gama" sai a raba ambulan da aka rubuta wa "hadaya ta musamman", a ce wanda ya sa mai tsoka za a karya masa la'anar gidansu. Gwauruwar da ta sayar da akuyarta don ta cika ambulan an koya mata ke nan cewa gicciye bai isa ba. Baiko yana da wurinsa, ikilisiya tana da bukatu, a roƙa a fili da sunan bukatar. Hadayun da suka rage wa mai bi an lissafta su a Romawa 12:1 da Ibraniyawa 13:15-16: miƙa jiki ga Allah, yabo, yin alheri da taimakon juna. Duka godiya ce ta wanda an riga an karɓe shi, ba a sayen gafara da ko ɗaya daga cikinsu.

Gefe ɗaya kuma kada "An gama" ta zama mafakar mai cin amana. A Firistoci 6 wanda ya danne ajiya ko ya yi ƙwace sai ya mai da abin, ya ƙara kashi ɗaya cikin biyar a kai, sa'an nan ya kawo ragonsa. Yesu ya ce a Matiyu 5:23-24 a bar baiko a gaban bagade a je a shirya da ɗan'uwa tukuna. Dattijon da ya ci gonar marayu gafarar Allah a buɗe take gare shi, amma gonar sai ta koma.

Sai hukunci, wanda wasu suke tsallakewa, wasu kuma su mai da shi dukan wa'azin. Ku fara karatun daga 18:28 don jama'a su ga shari'ar da kanta. Bilatus, gwamnan Yahudiya daga wajen shekara ta 26 zuwa 36, sau uku ya ce bai sami laifi a wurinsa ba: 18:38, 19:4, 19:6. Duk da haka ya zauna a kujerar shari'a a Gabbata ya ba da shi, don an razana shi da sunan Kaisar. Manyan firistoci suka ce ba su da sarki sai Kaisar. Kayafa tun a 11:50 ya ce gara mutum ɗaya ya mutu saboda jama'a, Yahaya ya ce annabci ya yi bai sani ba. Wanda aka gurfanar shi kaɗai ne marar laifi a wurin, kowa ya fallasa kansa ta abin da ya yi da shi: alƙali mai tsoron rasa kujera, malamai masu kishin matsayi, sojoji huɗu masu rabon tufafi a gindin gicciye. Shi ya sa Yesu ya ce tun kafin ranar, yanzu ne za a yi wa duniyar nan shari'a. Yahaya 3:19 ta bayyana hukuncin: haske ya shigo duniya, mutane suka fi son duhu don ayyukansu mugaye ne.

Daga nan abu biyu za a faɗa, kada a bar ɗaya. Wanda ya gaskata ba za a hukunta shi ba, ya riga ya ƙetare daga mutuwa zuwa rai, in ji 5:24. Mai bi ya cancanci ya ji wannan sarai ya tafi gida da tabbaci, ba a riƙa yi masa barazana da wuta duk shekara har ya fito gaba karo na goma yana karɓar Yesu. Wanda ya ƙi kuwa, maganar da Yesu ya faɗa ita za ta hukunta shi a ranar ƙarshe, in ji 12:48. Masu bi ma za su tsaya a gaban kujerar Almasihu a auna ayyukansu, 2 Korantiyawa 5:10. Ku bambanta wa jama'a hallaka da ba da lissafi, domin rashin bambanta su ne yake haifar da tsoro marar dalili a wasu, sakaci kuma a wasu.

Kada wa'azin ya koma nuna yatsa. Yahaya yakan ce "Yahudawa" yana nufin shugabannin da suka tsaya a kan kisan. Yesu kansa Bayahude ne, haka uwarsa da matan da suka tsaya a gindin gicciye da almajirin da yake ƙauna. Romawa ne suka buga ƙusoshin. An zubar da jinin Yahudawa da yawa a Turai da sunan zargin cewa su ne suka kashe Yesu, har majalisar Batikan ta biyu ta ikilisiyar Katolika ta fito a 1965 ta ce ba za a ɗora laifin a kan dukan Yahudawan wancan lokaci ko na yau ba. A garuruwan da rikici ya taɓa, jarabar ita ce a sa fuskar maƙwabci a kan masu ihun "A gicciye shi". Ishaya ya ce dukanmu ne muka bauɗe kamar tumaki. Ramako na Ubangiji ne, Romawa 12:19, neman adalci a gaban hukuma kuma hanya ce a buɗe.

Game da azabar jiki, ku bi ma'aunin marubucin. Bulala aya ɗaya ya ba ta, 19:1. Gicciyewa 'yan kalmomi ne a aya 18. Wasan kwaikwayon matasa da jan ruwa da bulalar roba yana sa hawaye, amma tausayi kaɗai ba tuba ba ne, 'yan fashin nan biyu da aka gicciye tare da shi ma irin azabar suka sha. Inda Yahaya ya tsaya ya daɗe shi ne aya 31 zuwa 37. Maimaitawar Shari'a 21:22-23 ta hana gawa kwana a kan itace, ga shi kuma gobe babbar Asabar. Aka roƙi Bilatus a karya ƙafafunsu, don wanda aka karya wa ƙafa ba ya iya ɗaga jikinsa ya ja numfashi, sai mutuwa ta zo da sauri. Sojoji suka karya na biyun, suka tarar Yesu ya riga ya mutu, ɗaya ya soki kwiɓinsa da mashi, jini da ruwa suka fito. Ba sai kun shiga bayanin likitoci ba. Marubucin ya ce wanda ya gani ne ya ba da shaida, abin da yake tabbatarwa shi ne mutuwar ta gaske ce. Sa'an nan ya kawo Zakariya 12:10, za su dubi wanda suka soka. Ku ci gaba da karatun Zakariya har 13:1, inda aka buɗe maɓuɓɓuga don wanke zunubi da ƙazanta. Wahayi 1:7 ya ɗauko wannan aya ya kai ta ranar dawowarsa.

Wani matashi zai tambaye ku don me Markus 14:12 ya nuna Jibin Ƙarshe shi ne cin Idin, alhali a Yahaya ba a ci ba tukuna, don me kuma Markus ya ce ƙarfe tara na safe aka gicciye shi. Malamai sun ba da bayani iri dabam dabam, ciki har da bambancin ƙidayar kwanaki da sa'o'i. Ku kai wannan ajin nazari na tsakiyar mako, a kan bagade ku bi Yahaya yadda ya tsara.

Ga abin da muke ba da shawara a aikace. Mutum ɗaya ya yi wa'azin, minti talatin zuwa arba'in. Kafin nan a karanta Fitowa 12:1-13 da aya 21 zuwa 23 da 46, sa'an nan Yahaya 18:28 zuwa 19:37. Ayoyi hamsin ne na Yahaya, mai karatu mai kyau zai gama cikin kamar minti goma. A ba shi nassin tun ranar Lahadi ya gwada da babbar murya, don sunaye irin su Gabbata da Golgota kada su sarƙe masa. Firistoci 16 da Ibraniyawa 9 da 10 a yi su a nazarin Littafi na makon da ya gabata, a Zumuntar Mata da ta matasa ma. Inda ba a so a bar kalmomi bakwai, a karanta su da waƙa a tsakani, wa'azi ya tsaya a kan guda ɗaya. A karɓi baiko kafin wa'azi, kada a laƙaba masa sunan hadaya. A nemi shugaban mawaƙa ya kawo waƙoƙin tun da wuri a duba abin da suke faɗa game da jini, domin jama'a sun fi riƙe waƙa a kan wa'azi. Bayan an tashi, dattawa biyu ko uku, har da mace, su tsaya a gefe don masu son yin magana, ko a kan tuba ko a kan abin wani da ke hannunsu.

Idan akwai inda muka faɗi abin da bai yi daidai da Nassi ba, muna roƙo ku nuna mana sura da aya mu gyara. Ubangiji ya ba ku ƙarfi da lafiya a hidimar wannan mako.

Naku cikin Almasihu,
'Ya'yanku masu koyar da Littafi Mai Tsarki